Ƙidayar Dakta Marleni

Daraktan asibiti ya aiko mini da 'yar takarda:
Eleodoro, kafin Juma'a
a tattaro duk abin da Dakta Marleni Shapiama ta wallafa,
a ƙirga sau nawa duniya ta ambace ta.
Za ta yi ritaya, za a yi jawabi.

Na zauna a laburare,
fanka na juyi kamar an yi mata dole,
ruwan Iquitos na dukan kwano.

Maƙala tamanin da huɗu cikin shekara talatin da ɗaya.
Ambato dubu uku da ɗari biyu da 'yan kai.
Suna ba shi da ƙafa, amma ya fi mai shi yawo:
ya je Oslo, ya je Osaka,
ita kuwa Lima ce iyakarta.

Wadda ta fi kowacce farin jini
marubutanta arba'in da bakwai ne.
Dakta ce ta ashirin da shida,
can tsakiya, inda ido ke tsallakewa.
Na tambaye ta. Ta ce, jini na aika musu,
kwalba ɗari uku cikin ƙanƙara,
su suka sa masa Turanci.

Akwai ta shekarar da ambaliya ta shigo ɗakin gwaji.
A jadawali na biyu hannu ya zame,
tara ta koma sha tara.
Ba wanda ya kama ta. Ita ta kama kanta,
ta kwana uku tana rubuta wa mujalla.
Aka buga gyaran, layi huɗu a shafin ƙarshe.
Kuskuren na da ambato ɗari biyu da goma,
har yau haihuwa yake.
Gyaran na da shida.
Magana zarar bunu ce, ashe har da ta boko.

Na ce, in sa wannan cikin jimla?
Ta ce, sa, ai nawa ne.
Amma rubuta gyaran a gefensa, da manyan baƙi.

Can ƙasan jeri, kamar ƙanzo a gindin tukunya,
shafi uku da Sifaniyanci
a wata mujalla da ta daɗe da mutuwa:
yadda za a auna wa jariri maganin zazzaɓi
inda babu sikeli,
da igiya mai ƙulli-ƙulli, daga ka zuwa diddige.
Ambato biyu.
Ɗaya ma ita ce ta ambaci kanta.

Ni fa na san takardar nan.
Ƙanwata Dionisia nas ce a bakin kogin Napo,
kwana biyu a kwalekwale mai inji.
Shafin na jikin bangon katako,
cikin leda, da ƙusa huɗu,
laima ta cinye sunan marubuciya.
Igiyar na rataye kusa da shi, ta yi baƙi don taɓawa.
Takardar bango, haka suke ce mata.

Na duba fom ɗin darakta sama da ƙasa.
Ga gurbin shekara, ga na mujalla, ga na adadi.
Babu gurbin ƙusa.
Na rubuta biyu.

Ran Juma'a aka jera kujeru, aka raba lemo.
Darakta ya karanta jimla,
ya ƙara ɗari don daɗin baki, aka tafa.
Dakta na satar kallon agogo:
ta bar gilasai goma sha biyu a gindin madubi, ba ta duba ba.

A bakin ƙofa na tare ta,
na ba ta labarin bango, da leda, da igiya.
Na zaci za ta yi ƙwalla.

Ta tsaya. Ta cire tabarau.
Ta ce, igiyar nan,
ta auduga ce ko ta roba?
Auduga takan ja jiki in ta sha laima.
Ka gaya wa ƙanwarka ta sake aunawa.